Batirin sola a zafin Gadarif: yadda za ka sa ya daɗe

Mafi yawan batiran da ake sauke mini a ƙofar shago ana cewa "Usta, an cuce ni, jabu aka sayar mini" ba jabu ba ne. A gida suka mutu, a hannun masu su, kuma kusan kullum abu biyu ne sanadi: zafi, da rashin sanin abin da ke cikin akwatin. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 wutar lantarki ta zama sai an ga dama, gidan da bai taɓa tunanin sola ba yanzu kuɗin riɗinsa na shekara yake kwashewa ya saya. Batir shi ne mafi tsada a cikin kayan, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Farantin sola zai yi shekara 20 a kan rufi yana aiki, batir kuwa ana iya kashe shi kafin damina ta biyu. Abin yana ci mini rai, domin kafin in kama sifana da mita, kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare a Madani, kuma na san abin da ke kashe batir ba asiri ba ne. An daɗe da bincika shi, sai dai bayanin bai iso kasuwarmu ba.

Fara da sanin wane iri ne a gidanka. Iri biyu ne a hannun mutane: na dalma, mai nauyi, wanda galibi ake zuba wa ruwa, da na litiyam, wanda ke cikin wayarka da fawa-bank da sababbin akwatunan da ake rataye wa a bango. Halinsu kishiyar juna ne. Na dalma yana so a cika shi kullum, zama rabi-rabi ne ajalinsa. Na litiyam bai damu da zama rabi ba, abin da ba ya so shi ne a cika shi maƙil a bar shi cikin zafi. Duk wanda ya bi da ɗaya da dokar ɗayan, asara zai yi. Inda suka haɗu kawai shi ne dukansu zafi na cin su.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya nuna a 1889 yadda saurin haɗuwar sinadarai ke ƙaruwa da ƙaruwar zafi. A taƙaice, duk ƙarin digiri 10, abubuwa da yawa saurinsu ninkawa yake yi. Cikin batir akwai aikin da kake so, wato ajiye wuta da bayar da ita, akwai kuma aikin da ba ka so, wato tsatsar farantan da ke cikin batir da ƙonewar ruwa, kuma zafi ba ya zaɓe, duka yake hanzartawa. Shekarun da kamfani ya rubuta a takarda, a digiri 25 ya auna su. Ƙa'idar da masu ƙera batirin dalma ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Batirin da aka ce shekara 6 zai yi, a digiri 35 ka sa ran 3, a digiri 45 ka sa ran ɗaya da rabi. Yanzu ka tuna ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ta haura 40.

Saboda haka aikin da ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne zaɓar wuri. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan da la'asar, ba da safe ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Ka nisanci bangon yamma, shi ne ke shan ranar yamma ya kwana yana amayar da ita. Ɗora batir a kan katako, don iska ta bi ta ƙarƙashinsa kuma ruwan damina kada ya same shi. Idan biyu ne ko huɗu, bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninsu, kada su jingina da juna. Kada ka sa shi daidai ƙarƙashin inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida: ita tana hura masa zafi, shi kuma tururin asid ɗinsa yana hawa ya ci mata kayan ciki. Akwatin ƙarfe da wasu ke kullewa don tsoron ɓarawo, in dai dole ne, a huda shi sama da ƙasa.

Abin da ke faruwa a cikin na dalma

Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushen aikin bai canja ba. Batir mai bolt 12 ɗakuna 6 gare shi, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1. A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu, wani launin ƙasa-ƙasa na dalma da ta haɗu da iskar oksijin, wani toka-toka na dalma zalla, suna jiƙe cikin asid na salfa da aka tsarma da ruwa. Idan kana jan wuta, asid yana fita daga cikin ruwan ya manne a farantai duka biyu, ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet na dalma, ruwan ya yi ta salancewa. Idan ka yi caji, gishirin ya narke ya koma ruwa, asid ya dawo da ƙarfinsa.

Matsalar tana wurin jinkiri. Sabon gishirin laushi gare shi, caji na ɗauke shi cikin sauƙi. In ya kwana biyu, ya yi mako, sai ƙwayoyinsa su girma su taurare, kamar tuwon da aka bari a gindin tukunya: yau ruwa kaɗai ya isa ya wanke shi, jibi ya zama ƙanzo. Wurin da gishiri ya taurare ya fita daga aiki ke nan. Shi ya sa za ka ga batir yana nuna ya cika cikin awa ɗaya, da magariba kuma kafin a idar da sallar isha'i inbata ta fara kuka. Bai cika ba, wurin ajiyarsa ne ya ƙanƙance.

Dokoki biyu ke fitowa daga nan. Kada ka sha fiye da rabinsa a dare ɗaya, kuma washegari lallai ya cika tam.

Rabin nan yana buƙatar lissafi, kuma lissafin ba wuya. Batirin da aka rubuta 200Ah a jikinsa, ka ninka da bolt 12, ya ba ka 2,400, wato wat 2,400 na awa guda, abin da ake rubutawa 2,400Wh. Rabinsa 1,200. Inbata tana cin nata kason wajen juya wutar, don haka abin da zai iso ɗakinka bai wuce 1,000 da 'yan kai ba. Tsohuwar fankar sama tana cin kusan wat 75. Biyu sun zama 150, in suka kwana awa 10 sun sha 1,500. Ka ga tun kafin a kunna ƙwai ko talabijin an riga an ƙetare iyaka. Mutane da yawa a nan suke rugawa su ƙara batir, alhali canja fanka ya fi araha: sababbin fankoki masu tsimin wuta wat 30 ko ƙasa da haka suke ci, iskar kuma ɗaya ce. Ita kanta inbata, ko ba a kunna komai ba, tana tsotsar wat 20 zuwa 50 gwargwadon girmanta, don haka in za a fita gona yini guda kuma babu firji, a kashe ta. Dutsen guga, hita ta ruwa da injin jan ruwa aikin rana ne, lokacin da farantin sola ke ɗaukar nauyin, ba aikin dare ba.

Sai cikawa. Batirin dalma yana son caji mai ƙarfin kusan kashi 10 cikin 100 na girmansa, wato amfiya 20 ga mai 200Ah, kuma wannan bayan abin da gida ke sha da rana ne. Ina yawan ganin manyan batira biyu an haɗa su da ƙaramin faranti ɗaya. Irin wannan haɗi ba ya taɓa cika su, kullum suna tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu, a hankali gishiri na daskarewa. Gara batir ɗaya da ke cika kullum da biyu da ba su taɓa cika ba. Wanke farantin ma yana cikin kula da batir, domin ƙurar da iska ke shimfiɗawa tana rage wutar da ke saukowa. Da sassafe ake wankewa, kafin gilashi ya yi zafi. A Yuli da Agusta, lokacin da hadari ke rufe rana kwana da kwanaki, ka rage shan dare da kanka, ko ka ba shi caji da janareta ko wutar gari in ta samu, har ya cika.

Kada ka yarda da 'yan sandunan da ke fuskar inbata. Sayi mita mai auna bolt. Cire komai daga batir, ka bar shi ya huta awa 3 ko 4, in da hali ya kwana, sannan ka auna. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.4 kusan kashi 75, 12.2 rabi, 12.0 saura kwata. Abin da ya yi ƙasa da 11.9 ya ƙare, a gaggauta yi masa caji a ranar. Inbatoci da yawa daga kamfani suke zuwa da saitin yanke wuta a bolt 10.5, wanda yake nufin sai sun tatse batir ƙarƙaf. In taka tana karɓar saiti, ɗaga shi zuwa 11.8 ko kusa da haka. Dare zai ɗan gajarta, shekaru kuma su ƙaru.

Akwai wani saiti da kusan kowa ke mantawa, kuma a ƙasa irin tamu shi ne babba. Bolt 14.4 zuwa 14.8 da ake sa wa kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin farantin sola da batir, don cika batirin ruwa, a digiri 25 aka ƙayyade shi. Batir mai zafi ƙasa da haka yake buƙata. Ana rage kusan bolt 0.02 zuwa 0.03 a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, wato a digiri 40 za ka sauke bolt 0.3 zuwa 0.45. In ba a sauke ba, wutar da ta yi yawa ba ta shiga ajiya, ruwa take fasawa ya zama iska, batir ya yi ta tafasa yana ƙara zafi. Kwantirola mai kyau tana zuwa da wata 'yar waya mai auna zafi. Sau da yawa a cikin kwali nake tarar da ita, ko leda ba a cire ba. A manna ta a gefen batir, tsakiyar jikinsa.

Ruwa

Wani dattijo daga unguwarmu ya aiko jikansa da batir a kan karo, shi kuma ya biyo baya da sandarsa. Na buɗe marufan, na haska da fitilar waya. Kan farantan ya fito waje ya bushe, ya yi fari fat, a ɗaki biyu kuma ruwan da na zuƙo ya fito ja-ja kamar shayi, alamar faranti ya fara zubar da jikinsa.

Na ce, "Baffa, wane ruwa ake zuba masa?"

Ya ce, "Ɗana, ruwa ai ruwa ne. Na mai karo muke sha, shi ma shi muke ba shi. Da ya yi rauni kuma yaron nan ya sayo ruwan asid ya ƙara masa."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, wannan ya riga ya tafi. Amma na gaba ba zai tafi haka ba in sha Allah."

Kurakurai uku ne suka taru a batir ɗin nan, kuma kowane gida na iya faɗawa cikinsu. An bar ruwa ya sauka har faranti ya sha iska, kuma wurin da ya bushe ba ya dawowa. An zuba ruwan rijiya, wanda yake ɗauke da gishiri da ƙasa da ƙarfe. Mu jikinmu yana fitar da su, batir kuwa ba shi da hanyar fitarwa, ruwan ya tafi su zauna, kowane zubi suna ƙaruwa. Sannan an ƙara asid. Abin da ke fita daga batir kusan duka ruwa ne, asid yana nan bai je ko'ina ba, ko dai yana cikin ruwan ko yana manne a faranti. Ƙara wani yana sa mita ta nuna lamba mai daɗi na 'yan kwanaki, farantan kuma su ci wuta.

Ruwan da aka tace ta hanyar tururi kaɗai ake zubawa. Tun da ba duk jarkar da aka rubuta wa haka ce gaskiya ba, ga gwaji: ɗiga ɗigo biyu a kan gilashi mai tsabta, ka ajiye a rana. In ya bushe bai bar komai ba, ka saya. In ya bar farin zobe, mayar masa da kayansa. A watannin zafi duba ruwa duk mako biyu, sauran shekara sau ɗaya a wata. Bayan caji ake cikawa, domin ruwan yana kumbura lokacin caji, wanda ya cika kafin nan zai tarar ya yi ambaliya. Sai dai in ka ga faranti a waje, to zuba ɗan abin da zai rufe shi tukuna, ka yi caji, sannan ka ƙarasa zuwa alama.

Wanda yake son sanin gaskiyar kowane ɗaki, ya nemi haidiromita, bututun gilashin nan mai roba a kai da ɗan abu mai iyo a ciki. Ka matsa robar, ka tsoma bakin, ka saki a hankali har abin ya tashi yana iyo bai taɓa gefe ba, ka kawo idonka daidai saman ruwan ka karanta, sannan ka mayar da ruwan ɗakin da ka ɗebo shi. Nauyin ruwan yake aunawa, asid kuwa ya fi ruwa nauyi, don haka lamba babba caji ne mai yawa. Cikakken batir yakan nuna 1.265 zuwa 1.280, dogayen nan da ake ƙerawa don ƙasashe masu zafi kuma kusan 1.240 zuwa 1.250, duba takardar naka. Abin lura shi ne bambanci. In ɗaki ɗaya ya gaza 'yan uwansa da 0.050, yana da matsala. Wani lokaci caji na musamman da ake kira na daidaitawa, inda ake ɗaga bolt zuwa 15.5 ko kusa na 'yan awoyi, yana dawo da shi, yana kuma gauraya asid ɗin da ya kwanta a ƙasa. Da sanyin safiya ake yin sa, ana taɓa jikin batir, in ya yi zafi sosai a tsaya. Batirin da aka rufe ruf, na jel da ire-irensa, ba a yi masa wannan ko kusa, ba a kuma buɗe shi.

Iskar da ke fita lokacin caji haidurojin ce, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Gidajenmu kuwa ba sa rabuwa da garwashi, ga murhun jabana, ga kaskon turaren wuta da ake zagayawa da shi ɗaki-ɗaki. Ina roƙon iyayenmu mata, ɗakin batir a tsallake shi. A ɗakin jinka ma kada a ajiye batir. In za ka taɓa kan batir, cire zobe da agogo, naɗe hannun sifana da tef. Farin garin da ke taruwa a kan tasha, wato inda ake ɗaura wa batir waya, ɗan ruwan kanwa yana cinye shi, za ka ga yana kumfa. Ka tabbata marufai a rufe suke kada ya shiga ciki, ka goge, ka ɗaure da kyau, ka shafa basilin. Asid in ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15 kafin ma a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Wajen saye, araha ba ta ado. Duba ranar ƙira, domin batirin da aka riga aka zuba wa asid yana zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, kuma wanda ya yi watanni a sito mai zafi ya fara tsufa kafin ya zo hannunka. Sa mita a gaban mai shago, in bai kai 12.5 ba nemi wani. Ɗora shi a sikeli ka gwada da nauyin da ke takarda, don dalma ita ce kuɗin, mai ha'inci ita yake ragewa. Duba kuma ƙaramin rubutun da ke gefen Ah: C10 ko C20 ko C100. Wani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya nuna tun 1897 cewa batirin dalma in aka ja shi da sauri yana ba da ƙasa da abin da zai bayar in aka ja shi a hankali. 200Ah a C100 yana nufin sai an shafe awa 100 ana tsotsa kaɗan-kaɗan, ba wanda ke amfani da batir haka. Mai 200Ah a C10 ya fi shi girma sosai. Kada kuma ka haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Na litiyam

Wannan daga binciken kwanan nan ya fito. Stanley Whittingham ya fara shi a shekarun 1970, John Goodenough ya gano sinadarin kobalt da ya ɗaga ƙarfinsa a Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya haɗa wanda za a iya sayarwa a 1985, kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa a 1991. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, Goodenough yana da shekara 97. A cikinsa babu gishirin da ke daskarewa. Ƙwayoyin litiyam ne ke kai da kawowa tsakanin ɓangare biyu, ɗayansu na gawayi ne, ta cikin wani ruwa mai kama da mai, kuma ruwan nan yana cin wuta. Tsufansa daga wata siririyar fata yake zuwa, wadda ke tsirowa a kan ɓangaren gawayin, tana kauri a hankali tana haɗiye litiyam ɗin da ya kamata ya yi aiki. Abu biyu ke sa ta saurin kauri, zafi da cikar caji, in suka haɗu kuma abin ya fi muni.

Wayarka yanzu ita ce aljihunka, da Bankak, manhajar banki ta waya, ake sayen ko da burodi, don haka ta cancanci kulawa. Riƙe ta tsakanin kashi 20 da 80 gwargwadon iko. Wayoyi da yawa na yanzu suna da saitin da ke tsayar da caji a 80 ko 85, kunna shi. Na san halin da ake ciki, in wuta ta zo kowa so yake ya cika, kuma ba laifi a cika in za a yi tafiya. Abin gudu shi ne ta cika ta ci gaba da zama a jone cikin zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Cire mata riga lokacin caji, kada a sa ta ƙarƙashin matashi, kada a bar ta a gaban raksha ko mota tana kallon rana. Masu shagon caji da ke jibge wayoyi 30 kan juna a cikin akwati, ku baza su, ku sa fanka. Waya in ta yi zafi inuwa take so, ba firji ba, domin raɓa za ta taru a cikinta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, iska ce ta taru a ciki: kada a danna, kada a huda, kada a ƙara caji. A sa shi a gwangwani mai yashi a waje, nesa da ciyawa. In ya kama hayaƙi a janye yara, hayaƙin guba ne.

Fawa-bank mai 20,000mAh, a bolt 3.7 aka ƙirga, wato 74Wh, kuma abin da zai shiga wayarka kusan kashi biyu cikin uku ne. Mai tafiya Umara ta jirgin sama ya riƙe shi a jakar hannu, ba a sa shi cikin kayan awo, iyakar da aka saba yarda da ita kuma 100Wh ce.

Akwatunan litiyam na sola galibi wani iri ne daban, za ka ga LiFePO4 ko LFP a jikinsu, wato litiyam da ƙarfe da fosfet. Daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas ya fito, aka wallafa a 1997. Ya fi na waya nauyi, amma ya fi shi jure zafi da wuyar kama wuta, kuma babu kobalt a ciki. Kowane ɗaki bolt 3.2 ne, 4 su ba da 12.8, 16 su ba da 51.2. Za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa kullum, kamfanoni kuma suna rubuta zagayen cikawa da shanyewa 3,000 zuwa 6,000, nan ma a digiri 25. A ganina, wanda yake da halin saye, a yanayinmu shi ya fi, musamman don hadarin damina da ke barin batir rabi ba ya cutar da shi. Amma a canja saitin inbata zuwa na litiyam, a kashe cajin daidaitawa da saitin rage bolt saboda zafi, a bi bolt ɗin da kamfani ya rubuta, galibi 14.2 zuwa 14.6 ga mai ɗaki 4. Mita ba za ta gaya maka saura nawa ba, domin yana tsayawa a 13.2 ko 13.3 kusan duk tsawon tafiyar, sai dab da ƙarshe ya faɗi. Allon da ke cikinsa, BMS, shi ke ƙirga, shi ke yanke wuta in abu ya wuce kima, kuma yana buƙatar batir ya cika sau ɗaya a mako ko makamancin haka don ya daidaita ɗakunan ya gyara lissafinsa. Kada ka yarda wani ya cire allon nan ko ya tsallake shi wai don yana yawan yankewa. Kada kuma a haɗa litiyam da dalma a layi ɗaya. Ha'incin da ke wannan kasuwa shi ne tsofaffin ɗakuna cikin sabon akwati, don haka ka gwada tun garanti na da rai: mai 100Ah a bolt 12.8 yana da 1,280Wh, in ka cika shi ka ɗora masa kayan wat 100 ta inbata, ya kamata ya kai awa 10 zuwa 11.

In batirin dalma ya mutu

Kada a fasa shi a gida. Na ga ana zubar da ruwansa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, na ga masunta suna narka dalmarsa a murhu don yin nauyin taru. Dalma ba ta da ƙamshi ba ta da ɗaci, ƙurarta tana shiga jinin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Sanagal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda sana'ar fasa tsofaffin batira. A Zamfara a 2010 ɗaruruwan yara suka mutu da gubar dalma, can daga dutsen zinariya da ake daka wa a gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kai batir ɗinka ga dillalin da ke karɓar tsoho ya rage maka kuɗin sabo, a tsaye, da ruwansa, marufai a rufe, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci. In an taɓa fasa batir ko narka dalma a gidanku, a kankare ƙasar wurin a fitar da ita daga gida, tukunyar da aka yi aikin da ita kada ta koma madafa, yaran kuma a kai su asibiti a nemi gwajin dalma a jini.